Hutun da ke Kayar da Tsoho

Darasinmu na yau a kan iyayenmu da kakanninmu yake. A kanmu yake mu ma, idan Allah ya yi mana tsawon rai.

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya bi bakin kogin Isa a nan Yamai, daga Gudel zuwa Yantala, ko daga Gamkalle zuwa Saga, ya san abin da ake gani a garake kafin rana ta ɗaga. Mutane ne ke kai da kawowa tsakanin ruwa da shuka. Akwai samari a cikinsu, amma masu furfura ma ba kaɗan ba ne. Za ka ga dattijon da ya ba shekara 70 baya ya duƙa yana dashen salati. In ya gama fangali ɗaya sai ya miƙe da kansa, bai dafa kowa ba, ya wuce na gaba. Irin waɗannan dattijai suna da ƙuruciyarsu lokacin farin 1984, shekarar da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga ƙasa baki ɗaya a rungumi noman rani. Har yau ba su aje bokiti ba.

To, mu shiga cikin gari, mu leƙa wani gida a Bukoki ko Talaje. Nan ma akwai dattijo, sa'an wancan na garka. Shi ma manomi ne, amma ɗansa ya samu aikin albashi, ya je ƙauye ya ɗauko shi, ya ce masa: "Baba, ka sha wahala a kanmu. Yanzu sai ka huta." Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka aje masa rediyo. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya ɗebo ruwa, jika ya riga shi. In zai je gaisuwa, sai a tsayar masa da tasi. Kafin shekara ta zagayo, mutumin da ke wuni a gona ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi. Masu zuwa dubiya kuwa sai su girgiza kai su ce: "Tsufa ke nan."

Tsufa na da nasa kaso, babu musu. Amma kaso mai yawa na zama ne. Ɗan nan bai yi mugun nufi ba, biyayya ya yi, kuma kowa zai sa masa albarka. Sai dai akwai hutun da ke warkar da mutum, akwai kuma wanda ke kayar da shi, ya kamata mu san bambancinsu. Maganar ta zama tilas a yau domin rayuwa ta sake. A 1960 mutanen Yamai dubu 30 ne da ƴan kai, kusan kowa da ƙafa yake zirga-zirgarsa. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. Gari ya yi faɗi, babur da mota sun yawaita, injin niƙa ya karɓi aikin turmi, famfo ya karɓi aikin guga. Ayyukan da suka riƙe jikin kakanninmu suna ta raguwa.

Abin da zama ke yi wa jiki

Naman da ke motsa ƙafa da hannu shi ake kira tsoka. Tsoka ce ke ɗaga mutum daga zaune, ita ke riƙe gwiwa, ita ke tare shi idan ya yi tuntuɓe. Likitoci sun gano cewa tun daga wajen shekara 30 tsoka ke fara raguwa a hankali, bayan shekara 60 kuma raguwar ta ƙara sauri. Ba wanda ya tsira daga wannan. Amma saurin raguwar ya danganta da yadda ake amfani da jikin. Halin tsoka ɗaya ne da na hauya. Wadda ake noma da ita kullum tana walƙiya, wadda aka jingine a bayan rumbu kuwa tsatsa ke cinye ta.

An gwada wannan a Amurka, aka bayyana sakamakon a 2007. Wasu dattijai maza da mata masu lafiya, ƴan wajen shekara 67, suka yarda su kwanta a gado kwana 10, ana ba su abinci isasshe. Da aka auna su a ƙarshe, sai aka tarar wajen kilo ɗaya ya zube daga naman ƙafafun mutum guda. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya san yawan kilo ɗaya na tsoka. Kwana 10 ke nan kawai, kuma ga masu lafiya. Sai mu kwatanta da tsohon da zazzaɓi ya kwantar mako biyu, da ya ji sauƙi kuma aka hana shi tashi wata guda don tausayi.

Ba tsoka kaɗai ke lalacewa ba. Ƙashi ma yana son a ɗora masa nauyi. In an daina, sai ya yi ta zagwanyewa daga ciki kamar icen da gara ta shiga. Gaɓoɓi su ƙage, ciki ya ɗaure, barcin dare ya gudu saboda gyangyaɗin rana. Hawan jini da ciwon sukari su samu wurin zama. Sannan ga ciwon da ba a gani a awo: mutumin da gari ke tambaya yaushe za a yi shuka, yanzu ba mai tambayarsa komai.

Faɗuwa

Abin da ya fi ban tsoro a cikin duk waɗannan shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ce wajen mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai shekara 65 yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Ta kuma ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum wajen dubu 684 kowace shekara a duniya, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi ci.

Yaro in ya faɗi, sai ya tashi ya kaɗe ƙura. Tsoho in ya faɗi a makewayi ko a dokin ƙofa, yana iya karya ƙashin ƙugu. Daga nan sai kwanciya ta watanni. Kwanciya ta jawo gyambo a baya, ta jawo ciwon huhu. Wata ƴa ko suruka ta bar sana'arta ta zauna jinya. Kuɗin da aka tara na iri da taki ya tafi ga magani. Da yawa ba sa sake takawa kamar da. A lura da wannan sosai: idan tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko aka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kada a tsaya murza da ɗori a gida. A kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin.

Ko wanda ya faɗi bai karye ba, tsoro na kama shi, sai ya rage fita. Rage fita ya rage ƙarfin ƙafa, ƙafa marar ƙarfi kuwa ita ce mai saurin faɗuwa. Iyali su ma su ce: "Zauna, Baba, kada ka sake faɗuwa." Ta haka maganin da aka ba shi ke ƙara masa ciwon.

Labarin wani uba da ɗansa

Bari mu ɗan yi nisa da gida, mu ga abin da jikin tsoho ke iya yi in ba a jingine shi ba. A ƙasashen sanyi akwai wani wasa da ake kira siki. Dusar ƙanƙara ce ke rufe duwatsu fari fat. Mutum ya ɗaura dogayen katakai biyu marasa faɗi a ƙafafunsa, ya riƙe sanda biyu, ya yi zamiya daga bisa dutse zuwa gindinsa, kamar yadda yaranmu ke gangarowa daga tudun rairayi, sai dai gudun yakan kai na mota. Wasa ne mai son ƙarfin cinya da gwiwa, da iya tsayuwa daidai.

Wani mutumin ƙasar Japan mai suna Keizo Miura, wanda aka haifa a 1904, ya yi ta wannan wasa har tsufansa. A 2003, yana da shekara 99, ya yi zamiya a kan ƙanƙarar Mon Bulan, babban dutsen nan na iyakar Faransa da Italiya, tare da ɗansa da jikansa. Ya rasu a 2006 yana da shekara 101.

Amma labarin ɗan nasa, Yuichiro Miura, ya fi kusa da darasinmu. Shi ma gwanin zamiya ne. Ya yi suna a 1970, lokacin da ya yi zamiya a jikin Eberest, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a duniya. Da ya haura shekara 60 sai ya aje komai, ya koma ci da zama. Ya yi ƙiba, jininsa ya hau, ko ƙaramin tudu ba ya iya hawa sai da haki. Ga shi kuwa mahaifinsa, ɗan shekara 90 da ɗoriya, bai daina ba. Sai ya sake shawara. Ya fara tafiya da ƙafa, ya ɗaura ɗan nauyi a idon sawu, ya goya jaka a baya, yana ƙara nauyin sannu a hankali har shekaru. A 2003, yana da shekara 70, ya hau ƙololuwar Eberest. Ya sake hawa a 2008. Ya hau na uku a watan Mayu na 2013, yana da shekara 80. Tsawon dutsen ya haura mita 8,800, wato ya ninka dutsen Bagzan na ƙasar Ayar fiye da sau huɗu.

Kada a zaci lafiya ƙalau ya yi duk wannan. An yi masa aikin zuciya fiye da sau ɗaya, kuma a 2009 ya faɗi wurin zamiya ya karya ƙashin ƙugu. Da ya warke ya koma tafiyarsa. Mun sani yana da likitoci da dukiya irin waɗanda manomin Saga ba shi da su, kuma ba mu ce wa kowa ya nemi dutse ya hau ba. Amma mutum ɗaya ne: zama ya kayar da shi yana da 60, tafiya ta tashe shi yana da 70.

Ƙarfi na dawowa ko an kai 90

Wani mai karatu zai ce: "Ai nawa tsohon ya riga ya zauna, aikin gama ya gama." Mutane da yawa sun daɗe suna zaton haka. A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta, a birnin Boston na Amurka, suka bayyana wani gwaji da suka yi. Tsofaffi 10 suka ɗauka, daga shekara 86 zuwa 96, mazauna gidan kula da tsofaffi, raunana masu fama da cututtuka iri-iri. Sau uku a mako ana zaunar da su suna ɗaga nauyi da ƙafa. Mako takwas aka yi. Mutum tara suka kai ƙarshe, ƙarfin ƙafarsu kuwa ya kusa ninkawa uku. Biyu daga cikinsu suka aje sandar dogarawa. Amma da aka daina, cikin mako huɗu kawai wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya zube. Abin kamar ban ruwa ne, ba a yinsa rana ɗaya a ce an gama.

Nawa ne ya isa?

A 2020 OMS ta fitar da awo. Ga wanda ya kai shekara 65, ta ce ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici. Ta ce kuma kwana biyu a mako ya yi abin da ke ƙarfafa tsoka, kwana uku ya yi abin da ke koya wa jiki tsayuwa daidai. Minti 150 shi ne minti 30 a rana, kwana biyar. Ba dole a yi shi a tashi ɗaya ba. Ana iya yin 10 da safe, 10 da la'asar, 10 bayan magariba. Motsi matsakaici kuwa shi ne wanda numfashi ya ɗan ƙaru, jiki ya ɗauki ɗumi, amma mutum yana iya hira da abokin tafiyarsa. In ya kasa haɗa magana saboda haki, abin ya yi yawa.

Wanda ba shi da agogo ya auna da abin da ya sani. Tsawon gadar Kennedy mita 700 ne da ɗoriya, mai tafiya da ɗan hanzari yana ƙetare ta cikin wajen minti 10. Dattijon da masallacinsu ke da nisan minti uku, zuwa da dawowa sau biyar ya ba shi minti 30 cif. Akwai masu zuwa zagayen filin wasa na Seyni Kunce da safe, abu ne mai kyau, amma ba sai an sayi takalmin wasa ba kafin a fara. Wanda ya kasa 30 ya yi 5. Masu iya magana sun ce motsi ya fi laɓewa.

A garka da gona: a rage nauyi, a bar aiki

Nan ne ya kamata iyalan manoma su natsu. Ba muna cewa a bar tsoho ya wuni cikin rana yana huɗa kamar ɗan shekara 25 ba. Akwai ma tsofaffin da talauci ya hana wa hutu, ƴaƴa sun tafi cin rani, su kaɗai ke ɗauke da gona da jikoki. Waɗannan ba darasin motsi suke bukata ba, a rage musu kaya. Maganarmu a kan zaɓen aiki ce.

Mu ɗauki ban ruwa. Lita ɗaya ta ruwa nauyin kilo ɗaya ce. Mai ɗauke da bokiti biyu masu lita goma-goma, kilo 20 ke rataye a hannuwansa, ga hawan gangaren kogi mai santsi, ga shi sai an yi sawu da yawa. Wannan aikin saurayi ne. Dattijo ya cika rabi-rabi, ya riƙe ɗaya a kowane hannu domin nauyi ya daidaita. Mafi kyau ma samari su tara ruwa a duro ko a ɗan tafkin siminti a tsakiyar garka, shi kuma ya riƙa ɗiba daga nan. Inda akwai injin ban ruwa, yaro ya tayar da inji, dattijo ya riƙe tiyo yana bin shuka.

Sauran ayyukan garka kusan duk nasa ne. Renon iri, dashe, cire ciyawa, tsinkar zogale da tattasai da tumatir, duba bayan ganye ko ƙwari sun yi ƙwai. A gona kuma, zaɓen zangarniyar gero da za a aje don iri, da kai awaki kiwo kusa da gida. Duk waɗannan suna sa mutum tafiya da duƙawa da miƙewa sau da yawa a rana, abin da likita ke nema ke nan. Kuma ayyuka ne masu son ido da sani fiye da ƙarfi. Saurayi ya fi dattijo gudu, amma sau da yawa yakan wuce ganyen tumatir da ya fara nannaɗewa bai gani ba. Garkar da aka kori tsoho daga cikinta ta yi hasara biyu.

Wasu ayyukan kuwa a raba shi da su baki ɗaya. Kinkimar buhu mai kilo 50 ko 100, shiga rijiya, hawan ice, da feshin maganin ƙwari, duk a bar wa masu jini a jika. In zai ɗaga wani abu daga ƙasa, ya lanƙwasa gwiwa, ya jawo kayan kusa da jikinsa, kada ya murɗa ƙugu yana ɗauke da shi. Hauyar nan mai doguwar ƙota da ake noma da ita a tsaye, wadda aka sani sosai a ƙasarmu, ta fi gajeriyar fartanya sauƙi ga baya, musamman a ƙasa mai rairayi. Wurin cire ciyawa a kai masa ƴar kujera, ya riƙa zama yana tashi.

Sai maganar takalmi. Sakakken silifa na sa tuntuɓe, gara mai maɗauri a dunduniya. Mai ciwon sukari kada ya shiga garka ba takalmi, domin ƙafarsa ba ta jin ƙaya ko kwalba da wuri. Ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, ko jika ya duba masa. Masu aiki a fadamun shinkafa na Saga da Kirkisoy su tuna ruwan kwance na ɗauke da tsargiya, dogon takalmin roba na rage haɗarin.

Shi kuma dattijon da aka kawo birni, ba gona ba garka, ya za a yi da shi? A yanka masa ɗan wuri a tsakar gida ya shuka zogale biyar da yakuwa. A danƙa masa kaji, ko ragon da ake kiwo na layya. A ce shi ke raka jika makaranta da safe. Aikin ya zama nasa na gaske, wanda in bai yi ba za a ga giɓi. Dattijo na gane aikin da aka ba shi don a lallashe shi.

Iyayenmu mata

Tsohuwa in ta yi suruka, al'ada ta ce ta aje muciya da taɓarya. Ita ma surukar tana jin kunya a ga uwar miji da tsintsiya, kada maƙwabta su ce ba ta da tarbiyya. Amma ƙashin mace na saurin yin rauni bayan haila ta ɗauke, shi ya sa karayar ƙugu da ta wuyan hannu ta fi yawa ga mata. A bar wa Inna sharar ƙofar ɗakinta, da tankaɗe, da bakace, da zuwa kasuwa, da kai barka ko gaisuwa a unguwa da ƙafarta. Maigida ne ya kamata ya faɗi wannan a gaban kowa, domin a sauke wa matarsa nauyin kunya.

A kula kuma da mai takaba. Wata huɗu da kwana goma ba ƙaramin lokaci ba ne, ga baƙin ciki, ga rashin son abinci. Mun ga abin da kwana 10 na kwanciya ke yi. Tsakar gida ma wurin tafiya ne. Ta riƙa zagaya shi safe da yamma, ta ci gaba da ƴan ayyukanta, ƴaƴa mata su riƙa taya ta.

Motsi na cikin gida

Na farko shi ne tashi da zama. A jingina kujera mai ƙarfi da bango. Mutum ya zauna, ƙafafunsa a ƙasa, ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna a hankali, kada ya faɗa kanta. A fara da sau biyar. In ya gagara, ya dafa da hannu har ƙafa ta yi ƙarfi. Bayan makonni a kai sau 10, a huta, a maimaita. Wannan ya fi sauran muhimmanci, domin ranar da mutum ya kasa tashi da kansa, ranar ce ya koma hannun wasu har wajen zuwa makewayi.

Na biyu, ya dafa bango ko ice, ya ɗaga ƙafa ɗaya kaɗan, a ƙidaya goma, ya sauya ƙafa. In ya saba, ya dafa da yatsa ɗaya kawai. Na uku, yana dafe da bangon, ya ɗaga dunduniya ya tsaya a kan yatsun ƙafa, ya sauko, sau 10. Ana iya kuma jan layi a ƙasa kusa da bango, ya bi shi yana aje dunduniya a gaban yatsu. Jika ya yi ƙidaya da ƙarfi, shi ma ya ƙaru da lissafi.

Zafi da ruwa da abinci

A Afrilu da Mayu zafin Yamai na haura digiri 40. Tsoho kuwa ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, jikinsa na iya bushewa bai sani ba. Ya yi aikinsa daga asuba zuwa hantsi, ya dawo bayan la'asar. Ya sa malafa, ya aje ruwa kusa, ya sha tun bai ji ƙishi ba. Fitsari kaɗan mai duhu alama ce ruwa ya yi ƙaranci. In yana azumi, ya yi motsinsa da sassafe ko bayan buɗa baki. Da hunturu kuma ya jira rana ta ɗan ɗaga, ya fara a hankali. Ranar hazo mai ƙura, mai tari ya rufe hanci da baki, ko ya yi motsinsa a ɗaki.

Tsoka ba ta ginuwa da ruwan koko. Tsohon da haƙoransa suka zube, sau da yawa da kunu kawai ake barinsa, a ce ai ba ya iya tauna. A dafa masa wake ya yi luguf. A ba shi nono, da ƙwai, da kifi, da awara. A daka masa ƙuli-ƙuli ko fara a zuba a dambun zogale. Nama ma ana dakawa. Gishiri da dunƙulen miya a rage, haka sukarin shayi, ko da yake mun san wannan ta ƙarshe sai an yi gardama.

Alamun da ke cewa a tsaya

Kafin wanda ya daɗe a zaune ya fara, ya je asibitin unguwa, wato CSI, a auna jininsa. In awo na kai 14 bisa 9 ko ya wuce, ba sau ɗaya ba, ya bi shawarar ma'aikacin lafiya. Mai shan magani kada ya daina don ya fara tafiya. Wanda ganinsa ya dushe a duba idon, domin yanar ido ana cire ta a asibiti, gani ya dawo.

In ana cikin aiki ko tafiya mutum ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya ɗebe shi, ko zuciya ta yi ta bugawa ba daidai ba, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti. In baki ya karkace, ko magana ta harɗe, ko hannu ɗaya ya mutu, kada a jira gari ya waye. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan sabon motsi ba komai ba ne. Amma gwiwar da ta kumbura ta yi zafi tana son a nuna ta ga likita.

Da dare, mai tashi fitsari ya fara zama a bakin shimfiɗa na ɗan lokaci kafin ya miƙe, domin tashi farat ɗaya na kawo jiri. A aje masa tocila kusa da kai. A kawar da turmi da igiyar akuya daga hanyar makewayi. A cikin makewayin kuma a kafa ice ko ƙarfe mai ƙwari, wanda zai kama in zai tsuguna ko zai tashi.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya ɗauki littafinsa da alƙalami ya je wurin dattijo ko dattijuwar gidansu. A jingina kujera da bango, wani ya tsaya kusa don tsaro. Dattijo ya naɗe hannuwa a ƙirji, a ƙidaya sau nawa zai iya tashi tsaye ya zauna cikin daƙiƙa 30, wato rabin minti. Ana iya duba lokacin a wayar hannu. Bisa awon da likitocin Amurka ke amfani da shi, namiji ɗan shekara 70 zuwa 74 da bai kai sau 12 ba, ko mace da ba ta kai sau 10 ba, ƙafarsu na bukatar aiki. Wanda ya kasa tashi sai da dafawa, a rubuta masa sifiri, kada a tilasta shi.

A rubuta kwanan wata, da shekarun dattijon, da adadin da ya samu. A yi motsin nan uku kwana uku a mako, tare da tafiyar yau da kullum. Bayan mako takwas a sake ƙidayawa, a rubuta sabon adadin a ƙarƙashin na farko, a zo da littafin aji a karanta wa malami da sauran ɗalibai.